Gurasar da Ba Ta Ga Tanderu Ba

Ulaisha, Riyad
Watan Muharram

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Bashari da amaryarsa Zuwaira da duk mutanen Jakara. Yaya ƙafar? Nu'uman yana gaishe ki ƙwarai.

Gwaggo, na haƙura da kiran waya. Ranar nan ina ta ɗaga murya ina tambayarki ya gida, ke kuma kina cewa wa ya rasu. Tunda kunnen ya ƙi, bari mu koma takarda. Zan riƙa rubutawa in ɗauki hoto in tura wayar Yaya Bashari. Ke ma ki rubuto da hannunki, karatun yaƙi da jahilci ya yi rana.

Akwai maganar da ko kina ji ba zan iya faɗa da baki ba. Likita ta duba ni. Kin gane dai. Ki taya mu da addu'a.

Sai dai na sha wuya. Ga zafin garin nan kamar an buɗe bakin tanderu, ga aiki a ɗakin yara na asibiti, ga cikina ba ya riƙe komai. Nu'uman ya kawo tamis, burodin mutanen Afgan, ya kawo kubuz na Larabawa iri-iri daga kasuwar Batha, duk ƙamshinsu ma korata yake yi. Abu ɗaya nake so a duniya, gurasarki, ta gefen nan da wuta ta ɗan lasa. Har kuka na yi a kanta, Nu'uman yana mini dariya.

Allah Ya haɗa ni da wata baiwar Allah a benen da ke samanmu. Hajiya Mansura sunanta, mutuniyar Damagaram ce, ta daɗe a nan tun zamanin mijinta, Allah Ya jiƙansa. Ɗanta Maulud yana tuƙi a Dammam, ita kaɗai take zaune. Ta tsince ni a matakala na zauna ina haki, ta ja hannuna zuwa kicin ɗinta. Ta zuba fulawa a kwano, ta sa gishiri da ɗan sukari da bekin fauda, ta murje man shanu a ciki da yatsu har ya zama kamar tsaki, ta zuba nono mai tsami ta haɗe shi sama-sama. Ba yis, ba jira. Ta baje a kasko mai kauri, ta rufe, ta rage wuta, can ta juya ɗaya gefen. Kafin in gama ba ta labarin gidanmu har ta sauke. Bayanta ƙarau-ƙarau, cikinta laushi.

Gwaggo, na cinye rabi a tsaye, kuma ta zauna mini. Rabon da wani abu ya yi mini daɗi haka har na manta. Yanzu ni ma na iya, kusan kullum sai na yi, Ummu tana tsaye a kaina tana cewa kada in murza da yawa. Wallahi na samu gata a wajenta. Idan na dawo gida zan yi miki ki ɗanɗana.

Taki,
Khairat


Jakara, Kano
Watan Safar

Hairatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Na karanta takardarki, na ajiye wayar Bashari na yi sujada. Allah Ya raba lafiya, Ya sa mai albarka ne. Ki gaishe da maigidan naki, ki ce na gode da ɗawainiya.

Sai dai akwai abin da ban gane ba. Wace ce wannan Umma? Kina jaririya uwarki ta rasu, ubanki Jibrin ya ɗauko ki ya ɗora a cinyata, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Allah bai ba ni nawa ba, ke ce nawa. Duk da haka ban taɓa cewa ki kira ni Umma ba, don kada in ci haƙƙin wadda take kabari. Na ɗauka sunan ya bi ta ƙasa. Ashe ajiyarsa kika yi wa matar Damagaram.

Sannan abin da kika kwatanta ba gurasa ba ce. Ƙullin da bai sha yis ba, bai zauna ya tashi ba, bai ga tanderu ba, bai ji ƙamshin kara ba, da wane baki za a kira shi gurasa? Mu nan abin da ake toyawa a kasko wainar fulawa muke ce masa, yara ke saya a bakin makaranta. Tun kafin a haife ki hannuna yake shiga wuta, ko gashi ɗaya babu a kansa, daga Kurmi har Fagge an san gurasar Azumi. Kin ci ta tun ba ki da haƙori, ban taɓa jin kin ce rabonki da daɗi har kin manta ba. To Allah Ya sa albarka. Mai ciki ko ƙasa ta ci sai ta ce da zaƙi.

Kuma ki yi hankali da wannan hoda da ake zubawa. Abin da zai kumbura fulawa nan take, ban san me zai yi wa cikin mutum ba.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. Yaushe za ki taho? Haihuwar fari a gida ake yi. Na sa an yi wa ɗakinki fenti, na yi wa mai itace magana, na sayi gero da kanwa ungurnu na ajiye. Darbejiyar ƙofar gida tana nan ta yi ganye. Ki sanar da ni watan don in san yadda zan yi da masu sarin gurasa.

Ki gaishe da Umman taki.

Gwaggonki,
Azumi


Ulaisha, Riyad
Watan Rabi'ul Awwal

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutan gida. Jiki da sauƙi, amai ya tsaya.

Kin ba ni dariya har sai da na riƙe ciki. Ba Umma na rubuta ba, Ummu na rubuta. A nan haka ake kiran mace da sunan ɗanta, ita Ummu Maulud ce, har Balaraben da ke sayar da gas haka yake ce mata. Mu ne muka gajarta. Ki sa Yaya Bashari ya ƙara miki girman rubutun ki gani. Kuma bekin fauda ba ya komai, ni ma'aikaciyar jinya ce, Gwaggo.

Ga abin da nake ta juya yadda zan faɗa miki. Ba zan iya tahowa ba. Jinina yana ɗan hawa, likita ta ce ba ta yarda da doguwar tafiya ba. Hutun haihuwa da ake ba mu a wurin aiki kuma gajere ne, idan na haihu a gida sai an sha fama kafin a shigar da jaririn cikin iƙamarmu, wato takardar zama. Mun duba ta kowace fuska, a nan zan haihu.

Sai muka ce to ke ki zo. Nu'uman ya je wani ofishi a Batha da ke taimaka wa mutane da bizar ziyara. Mutumin ya tambaye shi, "Mahaifiyarta ce?" Nu'uman ya ce, "Ita ta raine ta." Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." A takarda, Gwaggo, ke ba mahaifiyata ba ce, nan maganar ta tsaya. Nu'uman bai haƙura ba, yana neman wata hanya.

Amma kada ki sa damuwa a ranki. Ummu ta ce za ta tsaya mini a komai, ta yi wa mata da yawa wankan jego a unguwar nan. Jiya ma ta koya mini wata, ana zuba yankakken dabino a cikin ƙullin. Nu'uman ya tafi da ita wurin aiki, abokansa suka cinye suka ce a ƙaro.

Ki yi haƙuri da fentin da itacen. Na san kin yi ɗawainiya.

Taki,
Khairat


Ulaisha, Riyad
Watan Jimada Ula

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Wata ya mutu, wani ya kama, shi ma ya tafi, ban ga rubutunki ba. Na tambayi Yaya Bashari, ya ce lafiyarki ƙalau, aiki ne ya yi miki yawa. Na ce ya kai miki wayar in ga fuskarki ko ba za ki ji ni ba, ya dawo ya ce kina bakin wuta. Washegari ma kina bakin wuta.

Nu'uman ya samo hanya. Ya ce bizar Umra za ta yi, ki yi ibadarki a Makka sannan ya ɗauko ki zuwa nan. Fasfo kawai za ki je ki yi, Yaya Bashari ya san ofishin.

Ƙafafuna sun kumbura, takalmin aiki ba ya shiga. Yaron yana motsi sosai, musamman idan na ci mai dabino. Don Allah ki ce wani abu, ko faɗa ne.

Khairat


Jakara, Kano
Watan Jimada Sani

Zuwa ga Khairat matar Nu'uman,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Allah Ya sauƙaƙa kumburin, ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Na ga saƙonki na wancan karo. Kin ce ni ba mahaifiyarki ba ce, nan maganar ta tsaya. Gaskiya kika faɗa, ba a fushi da gaskiya. Na sa Bashari ya ƙara girman rubutun kamar yadda kika ce, na karanta shi da kyau. Tunda kin samu mai tsaya miki a komai, alhamdu lillahi, nauyi ya sauka daga kaina. Umra kuwa, ranar da Allah Ya kira ni zan amsa. Ba sai an shigar da ni ta ƙofar baya don ta gaba ta ƙi ni ba.

Aiki ne ya yi yawa kamar yadda aka gaya miki. Zuwaira ce ta ce in koya mata sana'a. Yarinyar nan Allah Ya yi mata hannu. Sau ɗaya na nuna mata yadda ake jin ƙulli ya tashi, ta kama. Ba ta tsoron wuta. Ranar da ta fara manna ƙulli a tanderu ta ƙone a gwiwar hannu, ta shafa man kaɗanya ta ci gaba. Da asuba kafin in idar da lazimi ta share bakin murhu ta jera kara. Idan mun gama sai mu yi bandashe mu ci a kwano ɗaya, ita ke daka ƙuli-ƙulin. 'Yar albarka ce.

Ƙaramin tanderun nan na Inna, kakarki, da yake kife a bayan ɗaki, na fito da shi na ba ta. Gara a yi amfani da shi da ya zauna yana tara gizo-gizo. Ɗakin da aka yi wa fenti kuma mun zuba buhunan fulawa a ciki, ba ya yoyo. Itacen ma bai yi asara ba.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Azumi


Ulaisha, Riyad
Watan Jimada Sani

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ba ni da lafiyar da zan ja gaisuwa, ki yafe ni.

"A takarda" na ce. Kalma biyu ne a gaban maganar, kika tsallake su kika ɗauki abin da kike so. Maganar mutumin ofis na faɗa miki, ba tawa ba. Da kin san kukan da na yi ranar da Nu'uman ya dawo daga Batha da ba ki rubuta mini haka ba.

Amma bar wannan. Tanderun Inna kika ba Zuwaira? Ni da na tashi a gidan nan, sau nawa na roƙe ki ki bar ni in manna ko guda ɗaya? Kullum sai ki ce, "Tashi daga nan, ɗauki littafinki." Ko kwaɓi ba ki taɓa bari na sa hannu ba, iyakata ƙirga wa masu sari a faifai. Na girma a gidan gurasa ban iya gurasa ba, sai da na zo ƙasar wasu wata ta tausaya mini ta nuna mini abin da zan toya a kasko, shi ma kika ce wainar yara ce. Yau yarinyar da ta shigo gidan bara ita ce mai hannu, ita ce 'yar albarka.

Na ga hoton da Yaya Bashari ya ɗora. Tana zaune a kan kujerata 'yar tsugunno, mai tsagin nan a gefe, kin dafa kafaɗarta kina dariya har ana ganin wushiryarki. Na duba duk hotunan bikina, babu inda kika yi irin wannan dariyar. Na goge hoton, na sake cewa ya turo mini, na sake gogewa.

Na daina hawa wajen Ummu. Ta sauko da faranti na ce na ƙoshi. Ba ta yi mini komai ba, amma duk lokacin da na ga kaskon sai in tuna takardarki. Na sayo yis na kwaɓa yadda nake ganin kina yi, na sa a obin. Ta fito kamar tafin takalmi. Na zauna a ƙasan kicin na cinye ta haka nan, don kada Nu'uman ya gani.

Ki bar buhunan a ɗakin, ba na buƙatarsa. Ki gaishe da 'yarki.

Khairat


Ulaisha, Riyad
Watan Rajab

Zuwa ga Malama Azumi, Gwaggon Khairat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ce Mansura, maƙwabciyarsu. Ba mu san juna ba, amma na san ki fiye da yadda kike zato. Nu'uman ne zai tura miki wannan.

Da farko albishir. Khairat ta sauka, namiji. Ranar Lahadi bayan azahar na ji ana buga daɓen ɗakina daga ƙasa da sandar tsintsiya. Na sauka na same ta a durƙushe, ta ce kanta zai tsage, ba ta gani sosai. Mijin yana wurin aiki bayan gari, ni na kai ta asibiti. Jinin ne ya hau ƙwarai, sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron, lokacinsa bai cika ba. Yana cikin kwalba amma yana shan nono, likitoci sun ce ba abin tsoro. Ita ma jinin ya sauka. Ba a gaya miki a ranar ba don ita ta hana.

Yanzu tsakanina da ke. Na ji an ce kina jin haushina. To ni ma ina jin naki, gara in faɗa. Na daɗe a garin nan. Ɗana guda ne, matarsa ba ta son zuwana, jikokina ba sa jin Hausa, idan na yi musu magana sai su dubi uwarsu. Da yarinyar nan ta shigo kicin ɗina na ce Allah Ya kawo mini 'ya. Ba zan ɓoye ba, na so in riƙe ta. Amma tun ranar farko, tana cin abin da na toya tana cewa, "Ta Gwaggo tana da idanu a ciki." In na yanka albasa, Gwaggo ba haka take yankawa ba. In na ɗaura ɗankwali, na Gwaggo ya fi zama. Na yi wata da watanni ina ciyar da ita ina jin sunanki kamar ana karanta mini wasiƙar wata. Da ta farfaɗo daga allurar barci ni ce a kanta, ni na riƙe hannunta. Ta buɗe ido ta dube ni, sai na ga fuskarta ta faɗi. Ni ba yarinya ba ce, na san wa take nema.

Ba ta cin abinci. Na yi kunu, na yi farfesu, na yi gurasar kaskon da kika raina, tana juyar da kai. Ga sanyi ya shigo. Ni na yi iyakar abin da baƙuwa za ta iya. Idan fushinki ya fi ƙarfin wannan, to ki rubuto ki gaya mini, in san ni kaɗai ce. Idan kuwa ba haka ba, halas, shi ke nan, ki bar mu da ƙofar gaba da ta baya, ki shigo ta wadda ta buɗe.

Wassalam,
Mansura Ummu Maulud


Jakara, Kano
Watan Rajab

Hajiya Mansura,

Wa alaikumus salam. Na gode, Allah Ya saka. Ki gaya wa Nu'uman fasfo yana hannuna, tun watan jiya na yi, ban dai faɗa wa kowa ba. Ya yi abin da zai yi da sauri.

Kafin in iso, kada ki tambaye ta me za ta ci. Tun tana ƙarama in aka tambaye ta sai ta ce a'a. Ki ajiye a gabanta ki juya baya kamar kina wani aiki. Kunun kuma ya yi kauri, ba ta shan tsararo.

Ki ce mata kujerarta na ɗauke na sa a ɗakina.

Azumi


Ulaisha, Riyad
Watan Sha'aban

Zuwaira,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Bashari. Yaya aiki, yaya masu sari? Ni lafiya lau. Na yi Umra, na yi muku addu'a kowa da sunansa. Jirgi bai yi mini komai ba sai kunnen da ya ƙara toshewa.

Mai jego ta murmure. Ranar da na shigo ta rungume ni muka yi ta kuka, ba wanda ya tayar da maganar takardu, har yau. An sallamo yaron, an sa masa Jibrin. Ɗan mitsitsi ne amma hancin gidanmu ne sak. Ni Yayana nake ce masa.

Na ga matar. Doguwa ce siririya, da haƙorin Makka. Mun gaisa kamar surukai. Yaron ya yi motsi, muka miƙa hannu tare, sai ta janye nata. Na ji daɗi, kuma na ji kunya.

Kullum da safe sai ta sauko da wannan abin nata a faranti, a rufe da tsumma. Ranar farko na ce ina azumin nafila. Rana ta biyu na ce haƙorina. Ta ce, "Ba komai, Hajiya," ta ajiye ta tafi. Wata rana Hairatu tana barci, yunwa ta kama ni, abincinsu na nan duk shinkafa ce mai ƙamshin turare. Na gutsuri gefe. Na ƙara. Da ta zo ɗaukar faranti ta duba ta ga gurbi, ta ɗauka ta haura. Washegari sai ga guda biyu. Zuwaira, ba gurasa ba ce, ina nan a kan bakana. Amma da shayi tana shiga. Wannan ya tsaya tsakaninmu.

Shekaranjiya ta sauko da wani kaskon ƙarfe da ake kifawa a kan wuta kamar ƙwarya, ta ce in gwada tawa a kai. Na kwaɓa da yis. Da ya tashi na kira Hairatu na ce ta wanke hannu ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Ni?" Na ce, "Da wa nake?" Na kama hannunta na nuna mata yadda ake yanko ƙulli a faɗaɗa a tafi. Ta farko ta yage, ta biyu ta faɗi ƙasa, ta uku ta zauna. Ba ta Jakara ba ce, ba ƙamshin kara, amma ta yi idanu. Muka yi bandashe da ƙulin da kika daka mini, mu uku a kwano ɗaya. Tana ci sai ta ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, hannuna da na Zuwaira wanne ya fi?" Na ce, "Naki ya fi iya allura." Ta ture kwanon ta yi fushi, Mansura tana dariya har da ƙwalla. Idan ta kira ki ta yi miki sanyi-sanyi, ki yi haƙuri da ita, ba ke ce kika yi laifi ba.

Sun ce in zauna har Sallah. Ba zai yiwu ba, kin san yadda gurasa take a watan azumi, ba zan bar miki wannan wuta ke kaɗai ba. Hairatu kuma za ta koma aiki, yaron a wajen Mansura zai riƙa wuni. Ita zai fara yi wa dariya, a hannunta zai fara zama. Na juya abin a raina na rasa yadda zan yi da shi.

Yau da hantsi na ga Mansura ta goya shi, goyon ya yi sako-sako, ta daɗe ba ta yi ba. Na ce, "Hajiya, sunkuya." Ta sunkuya. Na kwance, na ciro zanen da na goyi uwarsa da shi, wanda na taho da shi a ƙasan jaka. Na gyara masa ƙafafu, na tallafe wuyan, na ɗaure da hannuna a ƙirjinta. Ta ce, "Kin tsuke da yawa." Na ce, "Haka za ki riƙa yi." Ta miƙe tana jijjiga shi, ya yi luf ya yi barci a bayanta. Na tsaya ina kallo har sai da na ga ba zan iya ba, na shiga kicin na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Bashari ya turo mini cewa masu sarin Fagge suna ta yabon gurasar kwanakin nan, wai ta fi laushi. Madalla. Ki gaya musu fulawar ce aka canza.

Ranar Talata zan iso in Allah Ya yarda. Ki kwaɓa, ki jera kara, amma kada ki hura wuta sai na shigo. Ni zan manna ta farko.

Gwaggonki,
Azumi